Gidan Da Muka Kama Don Hanifa

Ɗakin da na fara kwana a cikinsa a Dubai ba ɗaki ba ne, yankin falo ne. Wani mutum ne ya kama filat a Naif, ya sa kafinta ya yayyanka shi da falanki, kowane yanki aka liƙa masa ƙofa da kwado aka ce ɗaki ne. Namu katifa kaɗai yake ɗauka, akwati kuwa sai a saman kai. Maigidana, Baban Hanifa, ya buɗe ƙofar yana murmushi wai ga masauki. Na dube shi, na dubi falankin da ko rufi bai kai ba, na ce, "Yanzu nan ne Dubai ɗin da kake turo mini hotonta?"

Ya ce, "Yi a hankali, ana jin ki."

Ai kuwa ana ji. Ta bayan falankin wata 'yar Filifin ta yi gyaran murya, ta ɗaya gefen kuma wani Bahabashe ya rage ƙarar wayarsa don ya ji yadda za mu ƙare. Ni da a Fagge in na ɗaga murya har gida na uku ake sanin an taɓa ni, sai ga ni ina faɗa da raɗa.

Baban Hanifa ya daɗe a garin, yana aiki a wani ofishin kago. Shi ne mai karɓar kayan 'yan kasuwarmu na Kano, ya sa a ɗaure, ya raka su Jebel Ali a loda a kwantena. Ni kuma wata Hajiya mai gidan abincin Hausa a Al Buteen ce ta yi mini bizar aiki, ina tuƙa mata tuwo ina suyar waina. Abin da ya rage mana shi ne 'yarmu Hanifa, wadda na baro wurin mahaifiyata tana koyon magana. Ba a ba yaro bizar zama sai ubansa yana da takardar hayar gida da sunansa, falanki kuwa ba shi da takarda.

Kullum in na tashi daga aiki sai na kira gida ta bidiyo. Da farko da ta ga fuskata sai kuka, tana miƙo hannu tana son shiga wayar. Ana nan ana nan ta daina kukan. Sai ta leƙo ta ce, "Ina wuni," kamar an aiko ta, ta koma wasanta. Wallahi wannan daina kukan ya fi kukan ci mini rai. Na sha juya fuska ina sharar hawaye a kan tukunyar miya, in Hajiya ta tambaya na ce albasa ce.

Mun taɓa ganin kamar mun dace. Wani ɗan garinmu, Alhaji Sabo dillali, mai tsadadden turare da carbi har gwiwa, ya kai mu wani filat ya buɗe da mukullinsa, ya ce namu ne. Muka ba shi abin da muka tara. Ranar tarewa muka iso da akwatuna, sai wata mata ta buɗe mana da jariri a kafaɗa, ta ce ita tun bara take zaune a gidan. Alhaji Sabo ya kashe waya. Aka ce an gan shi a Sharja, aka ce a'a ya wuce Chaina. Abin da ya fi ƙona mini rai, da Hausa ya cuce mu, yana "inshallah, ƙanwata" a kowace jimla.

Muna cikin wannan hali ne Malam Isufu ya zo da labari. Mutumin Damagaram ne, dattijo mai furfura a gemu. Malamin makarantar boko ne a ƙasarsu, a nan kuma kura yake turawa, yana kwasar wa 'yan kasuwa kaya daga shago zuwa ofishin kago. A wurinmu yake cin abincin rana, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Madam. Ranar ya zauna ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci.

Na ce, "Malam, lafiya? Ko miyar ce ba ta yi ba?"

Ya ce, "Miya ta yi, Madam. Tashin mu aka yi."

Ashe suna zaune ne a wani tsohon gida mai tsakar gida, a wata unguwar Larabawa ta bayan Deira, su da yawa, kowa da gadonsa. Masu gidajen layin suka haɗa kai suka kai kuka baladiya, wato hukumar gari. Suka ce gidajen hayar da aka cika da maza sun lalata musu unguwa: bola a ƙofa, shanya a kan katanga, motoci ko ta ina, ga gidajensu suna ta faɗuwa a daraja, mai saye in ya zo ya ga layin sai ya juya. Baladiya ta ce to, daga yanzu layin na iyali ne, gida ɗaya iyali ɗaya. Duk gidan da aka samu gwauraye a ciki za a yanke masa wuta da ruwa. A nan ne na san cewa gwauro a Dubai ba mara mata ba ne. Malam Isufu yana da mata da 'ya'ya har da jika, amma tunda suna Damagaram, gwauro ne shi.

Sai ya matso da kujera ya ce, "Madam, mai gidan yana neman iyali ido rufe. Babu Balaraben da zai karɓe shi a yadda yake, don haka zai bayar da arha, kuma da takarda. Ki gaya wa maigida ku je ku kama."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Haba Malam, a kore ku mu kuma mu shiga?"

Ya ce, "Korar an riga an yi ta. Wani zai shiga dole. To gara ke, ko ba komai yarinyar nan ta zo ta ga uwarta. Dakor?"

Faransancinsu ne, wato na yarda? Na ce dakor, ban ma san lokacin da na faɗa ba.

Ranar da muka je ganin gidan, tirƙashi! Bango ya yi baƙi da hayaƙi, ko'ina ramin ƙusa ne inda aka ɓamɓare falanki. Wayoyin wuta suna lilo daga rufi. Tsofaffin katifu jibge a tsakar gida, kyankyasai suna shawagi da rana tsaka ba sa tsoron kowa. Banɗakin ba zan ba da labarinsa ba. Mai gidan yana wani gari, an ce ya yi shekaru bai taka layin ba, haya kawai ake tura masa. Baban Hanifa ya toshe hanci ya ce, "Anya kuwa?" Ni kuwa idona yana kan wata bishiyar zogale a kusurwar katanga, kore shar, wadda Malam Isufu ya shuka yana ba ta ruwan alwala. Na ce, "Sa hannu kawai, sauran aikina ne."

Aka rubuta takardar haya da sunan Baban Hanifa. Muka duƙufa. In na taso daga gidan abinci sai na ɗaura ɗamara na hau gurzar ƙasa da sabulu da buroshi, har fatar hannuna ta saɓule. Shi kuma ya cike ramukan bango, ya samo mai gyaran wuta, muka yi fenti da kanmu. Ƙaramin ɗakin da tagarsa take kallon zogalen na yi masa ruwan hoda, na sa ɗan gado da labule mai furanni. Da aka gama na turara gidan da turaren wuta har sai da warin da ya zauna a bango ya haƙura ya fita. Baban Hanifa ya kai takardun Hanifa aka karɓa, aka ce mu jira.

Gidan da yake kallon namu na wata tsohuwar Balarabiya ce, mai sa ƙyallen nan mai walƙiya da tsofaffin matansu suke rufe hanci da shi. Da la'asar takan zauna a kujera bakin ƙofarta da sanda a hannu. Na yi mata sallama ya fi a ƙirga, sai ta amsa a ciki-ciki tana kallon gefe. Mai kantin kan kwana ne ya gaya mini sunanta Ummu Rashid, kuma ita ce ta bi gida-gida ta tara mutane aka kai ƙarar nan. Na ce to, Allah ya ba mu zama lafiya, kowa ya tsaya a ƙofarsa.

Sai muka yi abin da kowane Bahaushe yake yi in ya tare a sabon gida. Ai ba a shiga gida haka kawai, sai an yi addu'a an ci abinci. Baban Hanifa ya ce mutane kaɗan zai gaya wa, bayan sallar Juma'a. Mutane kaɗan! Ya manta lokacin sarin kayan Salla ne, Naif cike take da 'yan kasuwar Kwari ta Kano. Wanda aka gaya wa ya gaya wa abokin ɗakinsa, shi kuma ya taho da baƙinsa na Kano. Ga mutanen Maraɗi, ga na Damagaram, ga 'yan zangon Gana. Tasi tana sauke wasu, wata tana tsayawa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce a ƙara tukunya. Waina, tuwon shinkafa, miyar taushe, farfesun kayan ciki, ba abin da ban yi ba.

Mun shimfiɗa tabarmi tun daga bakin ƙofa, don haka kowa a waje ya tuɓe takalmi. Takalma suka taru har suka sauka kan titi. Da ciki ya cika, wasu suka ja tabarma suka zauna a ƙofar gida kamar a Fagge, Malam Isufu ya hura gawayi ya ɗora musu shayi. Yana zuba shayin yana kallon gidan da aka kore shi daga ciki, yana cewa, "Wallahi Madam, ban san bangon nan fari ba ne."

Na zuba waina da miya a kula mai kyau zan kai wa maƙwabta. Baban Hanifa ya tare ni ya ce, "Rufa mana asiri. Mutanen nan ba sa cin abincin baƙo, kada su ce mun dame su." Na mayar da kular. Ina juyawa na ga labulen tagar Ummu Rashid ya motsa, ban kawo komai a raina ba.

Ba a yi mako ba muka tashi muka ga an manna jar takarda a ƙofarmu. Baban Hanifa ya karanta, na ga fuskarsa ta canza. An kai ƙara cewa gidan har yanzu na gwauraye ne, an dai sa mace ɗaya a gaba don a rufe ido. Jami'ai za su zo dubawa. In ta tabbata, za a yanke wuta da ruwa, a soke hayar. In aka soke hayar kuwa, maganar bizar Hanifa ta mutu.

Ya kwashi takardar aure da ta haya ya tafi ofishinsu. Suka karɓe shi da mutunci, amma suka ce da yawa suna kawo irin waɗannan takardu su koma su cika gida da maza, sai sun gani da idonsu. Ba su faɗi ranar zuwa ba. Da ya dawo na sauke masa kwandon masifa.

Na ce, "Kai da mutanenka! Mutane kaɗan, mutane kaɗan, ka kwaso mini rabin Kano!"

Ya ce, "To wa ya ce a ƙara tukunya?"

Sai na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Maman Hanifa, abu ɗaya nake roƙon ki. In sun zo ba na nan, ki buɗe musu ko'ina, har ƙarƙashin gado. Kuma don girman Allah ki riƙe bakin nan naki."

Na yi masa alkawari. Na roƙi Hajiya hutu, ta ba ni tana mita. Na zauna a gida ina jira, duk motar da ta rage gudu a layin sai na tashi na leƙa. Har ƙofar waje na riƙa bari a sakaye, don kada su zo su tarar da ita a kulle su ce muna ɓoye wani abu.

Ranar da suka zo Baban Hanifa yana Jebel Ali ana loda kwantena. Da hantsi ne, zafi ya fara dukan mutum. Na gaji da zaman jira na ce bari na rage wanki. Ina tsakar gida da ɗaurin ƙirji, kaina ba ɗankwali, na ma tsefe rabin kitsona. Sai na ji an ƙwanƙwasa an yi sallama. Kafin na buɗe baki, ƙofar da na bari a sakaye ta tafi da kanta. Na ɗaga kai na ga namiji, dogo, cikin farar jallabiya, ƙafarsa ɗaya a cikin gidana, bayansa wani yana riƙe da akwatin kayan aiki.

Alkawarin da na yi wa Baban Hanifa ko tunawa da shi ban yi ba. Ni dai a gidan ubana na tashi na ga ko ƙanen miji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Na fizgi jiƙaƙƙen zanin gado na yafa, na yi kansa.

"Kai! Kai! Ina za ka? Gidan matan aure ne, ba a shiga!"

Na tuna ba ya jin Hausa, na juye da Larabcin kasuwa. "Haram! Fi hurma! Rijal mafi! Barra, barra!" Wato akwai mace, babu namiji a gida, ya fita. Mutumin ya ja da baya har yana taka ƙafar na bayansa, ya kawar da kai. Na banko ƙofar na danna sakata.

Sai da sakatar ta yi ƙara hankalina ya dawo. Innalillahi! Baladiya na kora. Mutanen da na bar aikina nake jira, su na ce wa barra. Na zauna a kan bokiti, ruwan zanin yana bin bayana. Na ce shi ke nan, na rusa komai da bakina, yarinyar nan za ta girma tana gaishe ni a waya kamar baƙuwa. Ina jiran na ji ƙarar na'urar sanyi ta ɗauke.

Ba ta ɗauke ba. Muryar mutumin na ji daga nesa da ƙofar, a hankali. "Samhini, ya ukti." Yafiya yake nema. Ya tambaya ko maigida yana kusa, na ce yana Jebel Ali. Na ji suna magana, sai muryar mace ta shigo ciki, tsohuwar murya mai kaushi. Can aka buga ƙofar da sanda.

"Iftahi. Ana hurma." Buɗe, ni mace ce.

Na zura hijabi na buɗe. Ummu Rashid ce. Jami'in yana can tsallaken titi ya juya mana baya. Ashe tana ƙofarta ta ga duk abin da ya faru, shi kuma ya ce mata, tunda ita ta kawo ƙara, ta fara shiga ta gani.

Ta shigo tana dogara sanda. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi ƙasa, ta dubi bango, ta shaƙi iska. Ta leƙa kicin, ta buɗe banɗaki, ta shiga ɗakinmu har ta sa sanda ta ɗaga zanin gado. Raina yana tafasa, amma na haɗiye. Da ta tura ƙofar ƙaramin ɗakin sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ɗan gadon da ba a taɓa kwanciya a kai ba.

Ta ce, "Na wa?"

Da guntun Larabcina na Islamiyya da na kasuwa, da hannu, da ido, muka yi maganar. Na ce na 'yata ne. Ta ce tana ina? Na ce Nijeriya. Ta ce tun yaushe? Na nuna mata tsawon Hanifa ranar da na baro ta, sannan na buɗe waya na nuna mata tsawonta yanzu, cikin kayan makaranta. Na ce gidan nan ne kaɗai hanyar da za ta zo.

Ta zauna a bakin ɗan gadon. Ni kuma bakin nan nawa ya sake kuɓucewa, na ce, "Ke kika kai mu ƙara?"

Ta ce, "Ni ce." Ko ido ba ta ƙifta ba. Ta ce ta ga takalman maza har kan titi, ta ga an hura wuta a ƙofa, ta ce an koma gidan jiya. Ta ce a wannan gidan wayar wuta ta taɓa kamawa, hayaƙi ya shiga har ɗakinta. Ta ce 'ya'yanta sun matsa mata a sayar da gidanta tun yana da sauran daraja, su kai ta wani dogon bene. Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Nan mijina ya ajiye ni. Ba inda zan je."

Na fahimce ta, amma ban bar ta haka ba. Na ce mazan da aka kora ba 'yan iska ba ne, akwai dattijo a cikinsu da ya yi jika, shi ya shuka bishiyar can. Na ce mai laifi shi ne mai gidan da yake karɓar haya bai taɓa buga ƙusa ɗaya ba. Ta ce, "Na sani. Ɗan ƙanen mijina ne."

Sai ta ce to takalman fa? Na ce walima ce ta shiga sabon gida, addu'a aka yi aka ci abinci, kowa ya tafi. Ta ɗago ta zuba mini ido.

"Walima? Kuka yi walima ƙamshi ya cika mini gida tun safe, ko faranti ɗaya ba ku aiko ba? Haka ake yi a ƙasarku?"

Wayyo kunya! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce wallahi ba haka ake yi ba, na zuba, tsoro ne ya hana. Ta ja tsaki irin nasu, ta miƙo mini hannu na tashe ta.

Ta fita bakin ƙofa ta ɗaga sanda ta kira jami'in. Wannan karon sai da ya yi sallama ya tsaya, na ce ya shigo. Ina gefe cikin hijabi, Ummu Rashid tana tsakaninmu. Ya zagaya gidan, kansa a ƙasa, bai daɗe ba ya fito. Ya ce a duk gidajen da ya shiga a layin nan, ba a taɓa korar sa da jiƙaƙƙen zani ba, yana faɗa yana danne dariya. Ummu Rashid ta ce masa, "A'ila. Khalas." Iyali ne, magana ta ƙare. Ya sa farce ya ɓamɓare jar takardar daga ƙofata, ya ce wa mai akwatin kayan aiki, "Yalla," wato su tafi.

Motarsu tana shan kwana na rangaɗa guɗa a tsakiyar layin Larabawa, da rana tsaka, ban damu da wanda zai ji ba. Tsohuwar nan ta dube ni kamar za ta yi faɗa, sai ta sa hannu a baki ta taya ni da irin tasu.

Na kira Baban Hanifa, ana ta ƙarar injuna a bayansa. Na ce, "Sun zo."

Ya ce, "To? Kin buɗe musu?"

Na ce, "Na kore su."

"Kin me? Maman Hanifa, kin me?"

Sai da na bari ya yi salati sau biyu sannan na ba shi labari. Har yau in muna faɗa ya ce na riƙe bakina, sai na tambaye shi wane baki.

Malam Isufu kuwa can aka mayar da su gidajen ma'aikata na wajen gari, sai ya hau bas mai nisa kafin ya iso Naif. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tafa hannu. Na ce ya riƙa zuwa gidan, ya ce a'a Madam, kada a sake ganin gwauro a ƙofarki. Ya faɗa da wasa, amma ta tsaya mini a rai, don na san dokar da ta ba ni gida ita ce ta raba shi da wurin kwana. Abin da na iya kawai, in na tsinki zogale na yi kwaɗo, nasa nake fara ɗebewa.

Bizar Hanifa ta fito ana gab da azumi. Wata Hajiya 'yar kasuwa mai zuwa sarin jakunkuna ce ta taho mana da ita. A filin jirgi na hango yarinya doguwa da ɗan hijabi ruwan toka, riƙe da gefen mayafin Hajiyar. Na durƙusa a gaban mutane na buɗe hannu. Ta dubi Hajiyar tukuna, sai da aka ce mata, "Je ki mana, Ummanki ce," sannan ta taho a hankali. Na rungume ta ina kuka, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam tana kallon fitilu. Ban yi fushi ba, na san da sauran aiki a gabana.

Da muka isa gida ta saki hannuna ta shiga zagaye. Yarinyar da ta tashi a gidan kakarta, inda kowace ƙofa ka tura akwai mutum a ciki. Ta leƙa kicin, ta leƙa ɗakinmu, ta leƙa ƙaramin ɗakin ta fito. Ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige, sannan ta dawo ta kama gefen zanina da kanta, ba wanda ya ce ta kama.

Ta ce, "Umma, ina mutanen gidan?"

Sai Baban Hanifa ne ya ajiye akwatinta a ƙasa ya ce, "Yanzu suka cika."